Kwalekwalen Farko: Abin da Sabon Masunci Zai Duba a Ruwan Gwarzo da Kabo

Babban ruwa baƙo ne a ƙasar Gwarzo da Kabo. Kakanninmu sun san rafi mai cika da damina ya ƙafe da rani, sun san tafki da kududdufi, sun san su na gayya da ake shiga da homa da gora idan ruwa ya ja baya. Ruwan da mutum zai tsaya a wannan gaɓa ya riƙa hango waccan can nesa kuwa, sai da aka fara datse koguna muka gan shi. Aikin ya faro ne zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A lokacinsa aka gama madatsar Tiga a 1974, hukumar ayyukan ruwa ta jihar, WRECA, kuma ta ci gaba da gina ƙananan madatsun ruwa a sassan jihar. Da haka yankin nan ya samu Guzuguzu da Magaga da Pada, ga Kusalla a Ƙaraye, ga Watari a Ɓagwai. A 1992 aka kammala babbar madatsar Chalawa a ƙasar Ƙaraye, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 900.

Ke nan shekara hamsin ce da 'yan kai tsakaninmu da irin wannan ruwa. Yaron da ya tashi a Yawuri ko Argungu, cikin Sarkawa, ko a bakin kogin Haɗeja, yana koyon tuƙi tun kafin ya yi wayo, yana kuma jin labarin halin ruwa daga bakin kakansa. Saurayin Getso ko Garo da ya tara 'yan kuɗinsa daga noman rani yana son shiga su, galibi ba shi da wannan gado. Shi ya sa sayen kwalekwalen farko yake da nauyi a wurinsa fiye da yadda yake a wurin ɗan masunta. A 'yan shekarun nan kuma an ƙara masa ruɗani: yana ganin bidiyo a waya, Bature zaune cikin ɗan kwalekwalen roba mai launi, wanda ake kira kayak, yana jawo ƙaton kifi da fatsa, sai ya ji cewa abin da ya kamace shi ke nan.

A ganina tambayar da ta fi kowacce a wajen zaɓe ita ce: ranar da wannan jirgi ya cika da ruwa ko ya kife, me zai faru? Sabon shiga zai yi kuskure, babu makawa. Zai miƙe tsaye a lokacin da bai kamata ba, zai jingina gefe guda yana jan raga, zai makara wajen ganin hadari. Kyan jirgi da gudunsa da arharsa duk suna bayan wannan tambaya.

Bari mu fara da shi kayak ɗin, tunda shi ke ɗaukar ido. Asalinsa na mutanen Inuwit ne da maƙwabtansu na can ƙuryar arewacin duniya, wajajen Girinlan da Kanada da Alaska, waɗanda suke ɗinka fatar dabbar ruwa a kan ƙirar itace ko ƙashi, mutum ɗaya ya shiga ya tafi farauta cikin ruwan ƙanƙara. Na yanzu da roba mai kauri ake zuba shi a masana'anta. Wanda ake yi don kamun kifi yakan kai mita uku zuwa huɗu a tsawo, faɗinsa santimita 75 zuwa 90, nauyinsa kuma kilo 25 zuwa 40 ko fiye. Ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu, a tsoma dama a tsoma hagu. Kamfanin Hobie na Amurka ma ya fito da wanda ake tuƙawa da ƙafa tun 1997, don hannu ya samu sararin riƙe sandar fatsa. Kayak iri biyu ne: wanda ake zura ƙafafu a cikinsa, da wanda ake zama a bisansa. Na biyun shi ake ba sabon shiga shawara ya saya, saboda cikinsa rufaffe ne mai iska, akwai kuma 'yan ramuka da ruwan da ya fantsamo yake zurarewa ta cikinsu. Idan ya kife, sai mutum ya birkito shi ya sake hawa.

Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma zan dawo kanta. Sai dai a duba aikin da aka ƙera abin dominsa. An yi shi ne don mutum ɗaya, a zaune, da sandar fatsa ɗaya ko biyu, yana neman kifi kaɗan don nishaɗi. Masuncinmu kuwa raga yake shimfiɗawa da yamma ya ɗebe da asuba, ko ya yi jifa da birgi, ko ya zuba mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, ko ya jera gura a bakin ciyawa. Duk waɗannan suna son fili a cikin jirgi, suna son mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na aiki, wasu ma sai an miƙe tsaye. Jiƙaƙƙiyar raga mai dalma ba ta da mazauni a kan kayak. Ga batun rana: robar da ake yin sa da ita tana ƙonewa a hankali idan ana barin ta a fili, ta dusashe, ta yi gautsi, zafin watan Afrilu kuma yana iya lanƙwasa cikinsa in an ajiye shi a kan dutse. In ya tsage, gam ba ya kama irin wannan roba, sai dai a narka wata robar irinta a like, kuma ba kowane mai gyara ya iya ba. A ƙara da kuɗin shigo da shi da canjin dala. Wanda yake da albashinsa, yana son ya je Kusalla ranar hutu ya jefa fatsa, to kayak na zama a bisa, mai faɗi, zai yi masa daidai, ya kuma nemi inuwar da zai riƙa ajiye shi. Mai neman abin cefane da kuɗin makarantar yara, ban ga hujjar ya zuba jarinsa a nan ba.

A ɗaya ɓangaren akwai gora, tsohon abin hawan masuntan Hausa, wanda har yau ake ganinsa a bikin kamun kifi na Argungu da aka faro a 1934. Mutum ya kifa cikinsa a kan ƙaton gora, ya riƙa iyo da ƙafa, kifin da ya kama ya jefa ta bakinsa. Ba shi da tsada, kuma a ƙaramin ruwa kusa da gaɓa yana biyan buƙata. Illarsa ita ce jiki yana yini cikin ruwa. Da hunturu sanyi na kama gaɓoɓi har hannu ya kasa riƙo, ruwan dam mai kwanciya kuma gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ne, wadda ƙwayarta ke shiga ta fata. Masu hawa tub ɗin mota su ma haka, ga shi ƙugiya ɗaya ta isa ta huda shi a tsakiyar ruwa.

Saura kwalekwale na itace, wanda shi ne ainihin abin da sabon masunci a nan zai yi ciniki a kai. Na sassaƙa, wanda ake fafe gungume guda, ya yi wuya yanzu, domin manyan maɗatai da kawo da za su ba da irin wannan gungume sun ƙaranta a dajinmu. Ko an samu, ban cika son sa ga mai koyo ba: cikinsa zagaye ne, siriri, yana juyi ƙarƙashin mutum da ɗan motsi kaɗan. Gwani yana jin daɗinsa saboda yana yanka ruwa, yana kuma bin taguwa ba tare da ta buge shi ba, amma kafin a zama gwani an sha ruwa. Na katako, mai shimfiɗaɗɗen ciki, shi ya fi yawa a dam-dam ɗinmu, shi ne kuma ya dace da mafari.

Dalilin yana cikin siffar. Jirgi mai faɗi da shimfiɗaɗɗen ciki yana zama daram a kan kwantaccen ruwa, mutum ya motsa bai ji ya karkata ba. Amma yana da hali guda da ya kamata a sani tun wuri: yana bin fuskar ruwa ne. Idan igiyar ruwa ta zo ta gefe, yadda ta karkata haka zai karkata, kuma in ya wuce wani mizani, ba ya gargaɗi, kifewa kawai yake yi. Shi ya sa ake fuskantar taguwa da goshin jirgi, ba a ba ta haƙarƙari. Gefen da ya buɗe sama, wato bakin jirgin ya fi cikinsa faɗi, yana taimakawa sosai, domin duk sanda jirgin ya karkata sai ƙarin katako ya shiga ruwa ya turo shi ya dawo. Wanda gefensa ya miƙe sak kamar akwati ya fi sauƙin ƙira, ya fi araha, kafinta mai gaggawa shi zai yi maka. Tsawo kuma yana da nasa hukunci. Dogon jirgi yana tafiya sak, yana da gudu, amma juya shi aiki ne, iska kuma tana samun wurin kamawa. Gajere yana juyawa nan da nan, sai dai kowane bugun filafili yana karkatar da kansa, mai koyo ya yi ta zagaye wuri ɗaya. Ga mutum biyu da raga a ƙaramin dam, ni dai abin da ya kama mita huɗu zuwa biyar a tsawo, da faɗin da ya kusa mita ɗaya a tsakiya, shi nake ganin ya yi.

Daga nan sai a tambayi wane ruwa za a shiga, domin Pada daban, Chalawa daban. Girman igiyar ruwa yana bin nisan da iska ta yi tana kaɗawa a kan ruwa ba tare da wani abu ya tare ta ba. A ƙaramin dam, kafin taguwa ta girma ta iso gaɓa. A Chalawa ko Tiga iska na samun fili mai nisa, ta tara ruwa ta turo. Jirgin da ya yi shekaru lafiya a Guzuguzu yana iya zama tarko a tsakiyar Chalawa. Hadarin farkon damina, na watan Mayu da Yuni, shi ne mafi sharri: yakan haɗo daga gabas, iska mai ƙarfi da ƙura ta riga ruwan saman isowa, kuma tsakanin ganin baƙin gajimare da isowar iskar ba wani lokaci mai tsawo ba ne. Mai filafili da ya yi nisa da gaɓa ba zai tsere mata ba. Don haka babban ruwa yana son jirgi mai dogon gefe, mai ɗagaggen goshi, da matuƙin da ya riga ya ƙware a ƙarami.

Batun gefe ya kawo mu ga lodi, inda nan ne rayuka suka fi salwanta. Kayak na zuwa da adadin kilon da zai iya ɗauka a rubuce, masu harkar kuma suna cewa kada a wuce kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na wannan adadi. Namu ba ya zuwa da rubutu, sai mai shi ya auna da kansa. A sa duk abin da za a fita da shi, mutum biyu, raga a jiƙe, kwandon kifi, a ƙara wani nauyi a madadin kamun da ake fata, sannan a duba abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi. Idan bai kai taƙi guda cikakke ba, jirgin ya yi ƙanƙanta. A shafa fenti a wannan layi, a mai da shi doka. Mutanen yankin nan ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan lodi. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a ruwan Watari ɗauke da fasinjoji daga Badau zuwa Ɓagwai, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, aka rasa aƙalla mutum 29. Allah ya jiƙansu. Jirgin fasinja ne, amma dokar da ta kifar da shi ita ce ke kan ƙaramin kwalekwalen su, musamman ranar da kamu ya yi kyau, ko ranar da 'yan ƙauye suka roƙi a tsallakar da su da buhunansu, kunya ta hana a ce a'a.

Akwai wani lodin da ba a lissafa shi, wato ruwan da ke kwance a cikin jirgi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ɗauki jirgin da shimfiɗar cikinsa ta kai mita huɗu a tsawo, santimita 75 a faɗi. Idan ruwa ya taru a ciki har zurfin santimita biyar kacal, wanda bai rufe idon sawu ba, lita 150 ke nan, nauyin manyan mutane biyu. Kuma wannan nauyi ba ya zama wuri ɗaya. Da jirgin ya ɗan karkata, sai duk ruwan ya kwarara can ya ƙara danna gefen da ya riga ya yi ƙasa. Saboda haka yoyo ba ƙaramin aibi ba ne da za a ce a yi haƙuri da shi, kuma abin kwarfe ruwa, ko da yankakkiyar jarka ce, a ɗaure shi da igiya a jikin jirgi don kada ya tafi a lokacin da aka fi buƙatarsa.

Yanzu ga darasin da ya kamata mu ɗauka daga kayak: jirgin da ba ya nutsewa ko ya cika. Kwalekwalen katako yana da rabin wannan alheri, domin yawancin katako yana tasowa, ko ya cika da ruwa yakan tsaya a fuskar ruwa mutum ya riƙe shi. Amma tsohon katako da ya sha ruwa, aka yi masa faci da langalanga, aka loda masa dalma da duwatsun raga, ba lallai ya taso ba. Na ƙarfe da maƙera ke waldawa, da na faiba wanda ba a sa masa soso ko rufaffen aljihun iska ba, in suka cika sai ƙasa. Maganin yana da araha. Jarka mai lita 25, babu komai a ciki, an toshe bakinta da kyau, tana riƙe nauyin da ya kusa kilo 25 a ruwa. A ɗaure biyu a goshi, biyu a baya, ɗauri na gaske a jikin katakon jirgin, an samu abin da ya kusa kilo 100 na tallafi. Ban san wani gyara da ya kai wannan amfani a kan kuɗi kaɗan ba, kuma abin yana damuna ganin yadda ba a cika yin sa ba.

Wajen katakon kansa, jan katako mai nauyi irin maɗaci ya fi jure ruwa, farin katako ya fi araha da sauƙin ɗauka amma yana saurin ruɓewa. Wanda zai ba da aikin sabo, gara ya je 'Yan Katako, ko a Na'ibawa ko inda ya fi masa kusa, tare da kafintan da ya taɓa yin jirgi, domin mai yin ƙofa da gado bai san inda ruwa ke bi ba. A nemi busasshen katako marar ƙulli, a sa ƙusar da ba ta tsatsa in da hali, a cusa tsumma ko auduga a mahaɗa a bi da kwalta. Shi kuma jirgin katako ba ya son a bar shi a tudu cikin rana: katakan za su tsuke, mahaɗa ta buɗe. Babbar fa'idarsa a wurinmu ita ce duk abin da ya same shi, da guduma da ƙusa da kwalta za a gyara shi a bakin ruwa a yini ɗaya.

Jirgi na hannu ya fi dacewa da aljihun mafari, amma araha ba ta ado. Kada a yi ciniki a tudu. A sa shi a ruwa, a loda shi, a zauna a ciki na ɗan lokaci ana kallon mahaɗa. A bi cikinsa da tsinin wuƙa, musamman kusurwoyi da wuraren ƙusa da inda ruwa ke kwanciya. Inda wuƙa ta shige ba gardama, ruɓa ce. Sabuwar kwalta mai sheƙi a kan tsohon jirgi abin tambaya ce, a nemi ganin abin da ke ƙarƙashinta. Sannan a yi gwajin da mutane ke jin nauyin yi: a kai shi inda ruwa ya tsaya a ƙugu, tare da wanda ya iya, a cika shi da gangan, a ga ko zai taso, a koyi yadda ake girgiza shi a rage ruwan, a kwarfe, a hau ta baya ba ta gefe ba. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Inji ba na mafari ba ne. A ƙananan dam ɗinmu filafili da gwangwala sun isa, kuɗin injin da mai kuma sai su cinye ribar.

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma babu jirgin da zai maye gurbin iyo. Amma gwanin iyo ma yana gajiya, yana iya buguwa, raga na iya naɗe masa ƙafa. Rigar ruwa, wadda hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa take ta nanata a riƙa sawa, a lissafa kuɗinta cikin kuɗin jirgi tun farko, a kuma sa ta a jiki, domin wadda aka zauna a kanta ba ta ceton kowa. Doguwar riga da takalmin roba mai tsawo a bar su a gaɓa. Wuƙa ta kasance a ɗaure a ƙugu. Mai jifa da birgi yakan ɗaura igiyar a wuyan hannu, in kuwa birgin ya sarƙe a kututture, jirgi na tafiya, igiyar za ta fizge shi. Ɗaurin ya zama mai zarge wanda hannu zai iya zamewa daga ciki.

Kafin duk wannan, a je a gai da Sarkin Ruwa na wurin. Shi da dattawan masunta suka san inda tsohon kwarin rafi ya bi, inda zurfi yake, inda ba a kusanta saboda jan ruwa a bakin mafitar dam, da ƙa'idar da suka ɗora wa kansu kan irin ragar da aka yarda da ita. Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana zuba guba da amfani da abin fashewa, masunta na gari kuma sun daɗe suna faɗa da masu tace ruwa da gidan sauro suna kwashe 'ya'yan karfasa da tarwaɗa. Ƙaramin dam yana da iyakar kifin da zai iya haifarwa, ƙarin jirage ba ya ƙara shi, don haka yana da kyau saurayi ya tambaya ya ji ko ruwan zai ɗauki ƙarin mutum kafin ya sayar da akuyarsa. Mafi alheri ma ya yi kaka ɗaya ko biyu yana riƙe wa wani filafili, ana ba shi kasonsa. A nan zai gane ko raga ce sana'arsa ko mamari ko gura, kuma kayan aikin ne za su faɗa masa girman jirgin da zai nema.

In lokacin saye ya yi, ƙarshen rani ya fi, kafin hadarin farko. Ruwa ya ja baya saboda ban-ruwa da zafin rana, ana samun wurare marasa zurfi da yawa na koyon tuƙi da gwajin kifewa. A lokacin ne kuma kututturan itatuwan da dam ya cinye da duwatsun da ke ɓoye suke fitowa fili. Mai sabon jirgi ya zagaya ya gan su da idonsa, ya riƙe wurarensu da alamar wata bishiya ko tudu a gaɓa, domin a watan Agusta ruwa zai rufe su da ɗan taƙi kaɗan, daidai inda cikin jirgi yake bi.